Wa Zai Yi Maka Istihara? Nasiha Ga Samari Da 'Yan Matan Tamale

'Ya'yana da ƙannena, na Zangon Hausawa da na Moshi Zango, na Sabonjida da Aboabo da Lamashegu, da ku da karatu ko sana'a ta kawo daga ƙauyukan Dagbon har kuka zama 'yan gari.

Akwai lokuta biyu a shekara da ƙofar malamai ba ta hutawa a garin nan. Na farko idan sakamakon WASSCE ya fito, kowa na tunanin ina zai dosa. Na biyu gab da azumi, lokacin da gidaje ke son a ɗaura auren da aka daɗe ana ja kafin wata ya kama. A irin waɗannan kwanaki za ka tarar da babura jere a ƙofar zauren malam, ko afa kamar yadda 'yan'uwanmu Dagomba ke kiransa, takalma sun cika dokin ƙofa. Buƙatar kusan ɗaya ce: "Malam, a yi mini istihara." Saurayi zai zaro 'yar takarda daga aljihu, a jiki an rubuta sunan yarinya da na mahaifiyarta, wani lokacin ma 'yan mata biyu ne a jere. Ya ajiye 'yan sidi a gefen buzu da sunan sadaka, a ce masa ya dawo jibi. Idan ya dawo a gaya masa an ga farin ƙyalle ko koren fili, ya je ya yi. Ko a ce an ga wuta da baƙin kare, ya janye jikinsa. Shi ke nan an yanke wa rayuwar mutum biyu hukunci, ita yarinyar ba ta ma san an kai sunanta ba.

Yanzu abin ya hau waya. Ana tura suna ta WhatsApp, a tura kuɗi ta momo, amsa ta dawo cikin muryar wani da ba ka taɓa gani ba.

Ina so ku buɗe kunne ku ji: wannan duba ne aka sa masa rawani. Sha'awar leƙa gobe tsohuwar cuta ce ta ɗan Adam, ba a kanku aka fara ba. Larabawan jahiliyya suna da kibau da suke duba da su, ɗaya na umarni, ɗaya na hani, ɗaya babu komai a jikinsa. Mai son tafiya ko aure sai ya sa a zaro masa. Alƙur'ani ya haramta wannan a Suratul Ma'ida, aya ta 3 da ta 90, ya jera shi tare da giya da caca. Kakanninmu fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Zugu da Sansanin Mango, su sauka Yendi kafin su isa kasuwar Salaga, su ma ba sa rabuwa da malamin ayari mai zaɓar musu ranar tashi. A nan Dagbon kuwa mai duba na gargajiya yana da tsohon matsayi tun kafin zuwan Bature. Saboda haka al'adar ta shigo mana ta ƙofa biyu, ta zauna daram. Marigayi Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya ya kuma rasu a Disambar 2004, ya shafe shekaru yana yaƙi da duba da tsibbu cikin harshen Dagbanci, har abin ya jawo rigingimun da iyayenku ke ba ku labari. Ba tsohon miki nake son tonowa ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, duk saɓanin da ke tsakanin malaman garin nan, na zawiyya da na Anbariyya da na Nuriyya, babu wanda ya yi jayayya a kan hadisin istihara. Yana cikin littafin kowa, da lafazi ɗaya.

Hadisin na Jabir ɗan Abdullahi ne, Imam Buhari ya ruwaito shi. Jabir ya ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana koya musu istihara a kan dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Ku tsaya a nan tukuna. Sura ana koya wa kowa ne, babba da yaro, namiji da mace, don ya karanta da bakinsa. Ba mu taɓa jin sahabin da ya je wa wani sahabi da sunan mace a rubuce ya ce a kwana masa da shi ba. Sun je wa Annabi da neman shawara, sun je da neman addu'a, amma istihara sai ya koya musu su yi abarsu.

Yadda ake yi bai kai minti goma ba. Ka yi alwala, ka yi nafila raka'a biyu a lokacin da ba a hana nafila ba, wato kada ka yi bayan sallar Asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan La'asar kafin Magariba. Imam Nawawi ya so a karanta Ƙul ya ayyuhal kafiruna a raka'ar farko da Ƙul huwallahu a ta biyu, amma duk surar da ka iya ta wadatar. Idan ka sallame sai ka karanta addu'ar, ka ambaci buƙatarka da sunanta a wurin da aka tanada. Wanda bai haddace ba ya duba takarda ko waya, babu laifi. Mace mai fashin sallah, ko wanda abu ya taso masa a gaggauce yana tsaye a tasha, ya yi addu'ar kaɗai ba tare da sallah ba. Ba a sharɗanta dare ba, ba a sharɗanta farin tufafi ko turare ko kwanciya ta gefen dama ba, ba a kuma biyan ko sisi.

Ma'anar addu'ar ce ta sa nake nacewa a kan kowa ya yi da kansa. Bawa yana farawa ne da amsa rauninsa: Allah ne ke da sani da iko, shi kuwa ba ya da ko ɗaya. Sannan ya roƙi cewa idan al'amarin alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshen lamarinsa, Allah Ya ƙaddara masa shi, Ya sauƙaƙa, Ya sa albarka. Idan kuma sharri ne, Allah Ya kawar da abin daga gare shi, Ya kuma kawar da shi daga abin, Ya ƙaddara masa alheri a duk inda yake, sannan Ya sa ya yarda da shi. To ku duba, duk wannan aiki ne a kan zuciyar mai roƙo. Zuciyar da ta maƙale wa yarinya ko ta maƙale wa biza, ita ce ake so ta durƙusa ta ce na miƙa wuya. Idan wani ne ya faɗa a madadinka, kai kana majalisa kana shan ataya, taka zuciyar tana nan yadda take. Kamar mai zazzaɓi ne ya aiki ƙaninsa ya shanye masa magani. Gaskiya ne akwai malaman fiƙihu da suka halatta mutum ya yi wa ɗan'uwansa istihara, suna ganinta cikin babin taimako da addu'a, kuma ba na raina maganarsu. Mahaifiyarka ta yi maka, malaminka na ƙwarai ya taya ka, madalla. Amma ko su ba su ce ka bar taka ba, ba su kuma ce a haɗa da lissafin haruffan suna da bugun ƙasa ba.

Sai maganar mafarki, wadda ita ce ta fi wahalar da ku. Sau da yawa yarinya za ta ce, "Baba, na yi har na gaji, ban ga komai ba." Ai ba a ce za ki ga komai ba, 'yata. Hadisin bai ambaci barci ba balle mafarki. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya wanda ya rasu a Misira a shekarar 737 ta Hijira, mai littafin Madkhal da su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka yi ta dogaro da shi, ya soki masu yin istihara su zauna jiran mafarkinsu ko na wani. Mafarkin ƙwarai gaskiya ne, yana daga cikin bushara, amma ba duk abin da mutum ya gani cikin barci ne saƙo ba. Wanda ya cika cikinsa da tuwo da miyar ayoyo, ya kwanta a ɗakin kwano cikin zafin watan Maris ga wuta an ɗauke, ba abin da ba zai gani ba. Wanda kuma ya wuni yana kallon hoton yarinya a waya, idan ya gan ta cikin fararen kaya da dare, son ransa ne ya biyo shi shimfiɗa.

To ina amsar take? Malamai sun yi magana biyu. Nawawi ya ce mutum ya bi abin da ƙirjinsa ya buɗe gare shi bayan addu'ar, da sharaɗin kada ya zama tsohon son zuciyarsa ne yake bi. Wasu, irin su Ibnu Zamlakani, suka ce ya ci gaba da abin da ya ga ya dace kawai, ko ya ji natsuwa ko bai ji ba, domin alherin yana cikin abin da Allah zai gudanar. Ni na fi karkata ga ta biyun idan da matasa nake magana, domin a shekarunku wuya ne a bambance buɗewar ƙirji da zumuɗi. Ka roƙi a sauƙaƙa in alheri ne, a kawar in sharri ne. Saboda haka amsar tana kan hanya, sai ka taka za ka gan ta. Ka kai takardunka, ka aika manya su yi gaisuwa, ka je ka ga shagon. Ko dai ƙofa ta buɗe, ko ta rufe, ko kuma wani abu da ba ka sani ba ya fito fili. Wanda ya yi istihara ya koma ya naɗe hannu, bai ba amsa wurin sauka ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da yawanku kuna fakewa da istihara ne don ku guje wa wahalar bincike. Tambaya tana da nauyi, tana sa kunya, wani lokaci tana tono abin da ba ka so ka ji. Raka'a biyu kuwa ba su da wuya. Amma magabata ba su raba istihara da shawara ba. Fatima 'yar Ƙais, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ta je wa Annabi ta gaya masa Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta. Bai ce ta je ta kwanta ta ga abin da za ta gani ba. Ya gaya mata halin kowannensu ƙarara: ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuma sandarsa ba ta sauka daga kafaɗarsa, sannan ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Haka Abdullahi ɗan Zubairu, lokacin da Ka'aba ta ƙone a yaƙin shekara ta 64 bayan Hijira. Sai da ya tara mutane ya tambaye su, a rushe a sake gini ko a gyara inda ya lalace? Ibnu Abbas ya ba da shawarar a gyara kawai. Bayan ya saurari kowa ne ya ce zai nemi zaɓin Ubangijinsa har sau uku, sannan ya yanke. Madugun ayarin goro ma, duk da malamin da ke gefensa, ba ya ɗaura wa jaki kaya sai ya san wace rijiya ce ta ƙafe, wane sarki ne ya ƙara kuɗin fito, wane daji ne 'yan fashi suka tare.

Mu ɗauki aure, tunda shi ne ya fi kai ku zauren malamai. Kafin ki shimfiɗa darduma, 'yata, me kika sani game da shi? Babur ɗin da yake zuwa zance da shi nasa ne ko na aro? A wane masallaci ake ganinsa da Asuba? In ya taɓa aure, me ya raba shi da ta farko, kuma wa ya ji ta bakinta? Yaya yake yi wa mahaifiyarsa magana idan ransa ya ɓaci? Waɗannan ba ke za ki bi unguwa kina tambaya ba, aikin kawunki ne da yayyenki maza, amma ke za ki matsa a yi. Kai ma ɗana haka. Sannan ku je a gwada jininku tun kafin magana ta yi nisa, tun kafin a kai goro. Asibitin Koyarwa na Tamale yana nan, ƙananan ɗakunan gwaji sun cika gari. A ƙasar nan kusan jarirai biyu cikin kowane ɗari ana haifarsu da cutar sikila. Idan kai AS ne ita ma AS ce, kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da cutar. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti ya ji kukan yaron da ciwon ƙashi ya taso masa cikin sanyin hunturu, uwa na riƙe da ƙafarsa tana rasa inda za ta taɓa, ba zai ce gwaji rashin tawakkali ba ne. Na ji masu cewa, "Mun yi istihara ta yi kyau, ba sai mun gwada ba." Wa ya gaya muku sakamakon gwajin ba shi ne amsar addu'ar taku ba? Kun roƙi Allah Ya kawar da ku daga abin da zai cuce ku, ga takarda ta nuna, sai ku ce ba wannan amsar kuke so ba.

A nan dole in ɗan juya in yi magana da 'yan'uwana iyaye, ko da yake ba su na nufa da wannan rubutu ba. Mu ma muna da namu laifin. Yaro ya kawo yarinyar kirki, amma ita Badagomba ce shi Bahaushe, ko ita 'yar Gonja ce, ko gidansu 'yan ɗariƙa ne mu ba mu yi, ko su ɓangaren sarautar Abudu suke bi mu na Andani, ko kuma tutar jam'iyyar da ke ƙofar gidansu ba irin tamu ba ce. Maimakon mu faɗi abin da ke ranmu a yi muhawara, sai mu ce, "An yi istihara, ba ta yi kyau ba." Mun san yaro ba zai iya jayayya da wannan ba, don zai ga kamar da Allah yake ja. Wannan jingina wa Allah son zuciyarmu ne, kuma abu ne mai hatsari. Garin da Hausawa da Dagomba da Mosawa da Zabarmawa suka yi ta auratayya tun Tamale tana ƙaramar alƙarya, kafin Turawa su mai da ita hedikwatar Arewa a 1907, bai kamata a ce yau mu ne ke gina katanga da sunan addu'a ba. Ku kuma yara, idan aka gaya muku haka, kada ku ɗaga murya, kada ku yi fushi ku bar gida. Ku sami gwaggo ko kawu ko limamin unguwa wanda Baba ke jin nauyinsa, ya je ya zauna da shi cikin ladabi ya ji ainihin dalili. Sau da yawa akwai dalilin gaske da iyaye ke jin nauyin faɗa, kuma idan kuka ji shi za ku gode musu. In kuma babu, babba ne zai iya gaya wa babba. Ke kuma da ake so a tura ki gidan da ba ki so da hujjar wai an gani a mafarki, ki sani Buhari ya ruwaito labarin Khansa'u 'yar Khizam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi ya warware auren.

Sai tafiya. Babu majalisar samari a garin nan da ba a zancen fita. Wani Kumasi, wani Akra, wani ramin haƙar zinare na galamsi, wani Saudiyya ko Kuwait ko Dubai, wani kuma ya ƙudura sai Turai ta hamada. Ban hana ku nema ba; mu kanmu jikokin matafiya ne, da kakanninmu sun zauna a gida da ba a haife mu a nan ba. Amma ku san abin da kuke roƙon zaɓi a kansa. A tsakiyar 2017 mutum 44, akasarinsu 'yan Gana da Najeriya, har da jarirai, suka mutu da ƙishirwa a hamadar Nijar bayan motarsu ta lalace tsakanin Agadas da Dirku. A 2017 ɗin dai gwamnatin Gana ta dakatar da ɗaukar 'yan aikatau zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf saboda yawan koke-koken cin zarafi. Idan wani ejan ya ce zai kai ki aikin gida, tambayi lasisinsa, ki nemi ganin takardar yarjejeniya, a karanta miki ita cikin harshen da kike ji. Nawa ne albashin, wa zai riƙe fasfo, in ba ki ji daɗi ba wa zai biya kuɗin jirgin dawowa? Nemi wadda ta je ta dawo, ba wadda ke can tana turo hotuna ba, ki zauna da ita ku biyu. Ƙannenmu mata da ke barin Savelugu da Tolon da Kumbungu da Walewale su tafi dakon kaya, wato kayaye, a Agbogbloshie ko Kejetia don tara kayan ɗaki, su ma kafin su hau mota ya kamata a gaya musu inda za su riƙa kwana. Idan kin tattara duk wannan, kin ji ta bakin iyaye, abin ya rage tsakanin tafiya da zama kuma kowanne halal ne, to nan ne wurin raka'a biyu.

Na ce kowanne halal ne da gangan. Ba a istihara a kan wajibi, ba a yi a kan haram. Ba za ka tambayi Allah ko ka yi sallah ko ka bi iyaye ba, Ya riga Ya faɗa. Haka ba za ka yi raka'a biyu kan wace ƙungiyar ƙwallo za ka zuba wa kuɗi a shagon caca ba, kuma kada ku yi dariya, ana yi. Haka harkar da aka ce ka kawo dubu ka karɓi riba kowane wata ba tare da ka san me ake saya me ake sayarwa ba. Waɗanda suka zuba dukiyarsu a kamfanin Menzgold kafin hukuma ta dakatar da shi a Satumbar 2018, da yawansu masu sallah ne, kuma ba na shakkar wasu sun yi addu'a kafin su kai. Abin da ya kamace su tun farko shi ne tambayar malamin fiƙihu hukuncin irin wannan riba, da tambayar wanda ya san harkar kuɗi daga ina take fitowa.

Karatu kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Ko UDS, ko Jami'ar Fasaha ta Tamale, ko kwalejin malanta ko ta jinya, ko ka zauna wurin mai gida ka koyi walda ko ɗinki ko gyaran waya, duk hanyoyi ne na mutunci. Duba makinka da idon gaskiya, duba aljihun wanda zai biya, tambayi waɗanda suka gama shekara biyar da suka wuce me suke yi yanzu, sannan ka yi addu'arka ka cike fom.

Idan ka yanke, to ka yanke. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta jera abin a tsare: shawara, sannan azama, sannan dogaro ga Allah. Ta sauka ne a kan yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Annabi ya so a tsaya cikin Madina, matasa suka matsa a fita, ya bi ra'ayinsu. Da ya sa sulke suka ji kamar sun tilasta masa, suka ce a koma ra'ayinsa, ya ƙi warware abin da aka ƙulla. An fita, an sha wuya, an rasa mutum saba'in har da baffansa Hamza, amma ayar ba ta ce a daina shawara ba. Ina kawo wannan ne saboda masu yin istihara yau, gobe su sake, jibi su je wa malami na uku, shekara ta zagayo ba su yi aure ba ba su kuma saki 'yar mutane ta kama gabanta ba. Maimaitawa halal ce idan da gaske abin bai warware ba. Amma wanda yake ta maimaitawa har sai ya ji abin da yake so, ko don tsoron ɗaukar nauyin hukuncinsa, wasiwasi ne ke wasa da shi.

Kuma kada wani ya yi muku alƙawarin cewa abin da aka yi wa istihara ba ya ɗaci. Abdullahi ɗan Zubairu da ya yi ta har sau uku, bai kai shekara goma ba aka kashe shi a Makka, aka kuma sauya wani sashe na ginin Ka'aba da ya yi. Akwai auren da aka yi wa istihara ya mutu, akwai shagon da aka yi wa ya karye. Za ka ji mutum yana cewa addu'arsa ba ta karɓu ba. Ina ya sani? Ma'auni uku ya ambata da bakinsa, addini da rayuwa da ƙarshen al'amari, shi kuwa na tsakiyan kaɗai yake iya gani, shi ma ɗin na bana kawai. Aya ta 216 a Suratul Baƙara ta riga ta gaya mana mutum kan ƙi abin da yake alheri gare shi, ya so abin da yake sharri. Shi ya sa a ganina gaɓar ƙarshe ta addu'ar ta fi kowace nauyi, inda bawa ke roƙon a sa ya yarda da abin da aka zaɓa masa. Na ga samarin da aka hana su yarinya suka shekara biyar suna bin shafinta a Facebook suna ƙuna, da waɗanda biza ta ƙi fitowa suka zauna a benci ba su sake neman komai ba. An kawar da abin daga gare su, su ne ba su bari an kawar da su daga abin ba. Idan kun zo wannan gaɓa ku sassauta harshe, ku faɗe ta kuna sane da abin da kuke roƙo.

Kada kuma ku ɗauka sai abu mai ruɗani ake kai wa Allah. Lokacin da aka kawo wa Zainab 'yar Jahshi saƙon neman aure daga Manzon Allah kansa, cewa ta yi ba za ta yanke komai ba sai ta nemi zaɓin Ubangijinta, ta tashi ta nufi wurin sallarta. Idan ita ta yi a kan wannan, to kai da kake ganin naka a bayyane yake ba ka da hujjar tsallakewa.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Addu'ar ba ta fi layi shida ko bakwai ba, tana cikin Hisnul Muslim da sauran ƙananan littattafan addu'a da ake shimfiɗawa a harabar Babban Masallaci ranar Juma'a. Ku saya, ko ku sauke a waya, ku kai wa malamin makarantar dare ya gyara muku karatun ya kuma fassara muku ita kalma bayan kalma, da Hausa ko da Dagbanci. Ku haddace ta tun yanzu da hankalinku ke kwance, kada ku bari sai ranar da zuciya ta riga ta kamu. Ku fara da ƙananan abubuwa, sayen babur, kama hayar ɗaki, zaɓen mai gidan da za ku koyi aiki a wurinsa, don harshe ya saba. Wanda ya iya kuma ya koya wa ƙannensa mata a gida, domin su aka fi kai wa sunaye zaure, su aka fi karɓe wa 'yan kuɗinsu. Allah Ya yi muku zaɓin alheri, Ya sa ku yarda da shi.